Zoben Ƙofar Maman Turan

Babana, Aga Kiyumars, ba ya iya ganin baƙo riƙe da kofin shayi ya ƙyale shi ya sha cikin kwanciyar hankali. Rabin rayuwarsa ya ƙare ne yana koyar da tarihi a makarantar sakandare a nan Yazd. Da ya yi ritaya sai ya rasa waɗanda zai tsare da surutu, har lokacin da na dawo gida bayan rasuwar mijina, na gyara ɗakunan tsakar gidan waje, na mai da su masaukin masu yawon buɗe ido. Ni na buɗe masauki don mu samu na cefane, shi kuwa a ganinsa sabon aji na buɗe masa. Mutum zai taso daga ƙarshen duniya don ya ga hasumiyoyin iska masu sanyaya gidaje da tsofaffin lungunan birninmu, ya ƙare a gindin bishiyar rumman ɗinmu, shayinsa ya huce, Baba na ta jero masa sarakunan Farisa tun daga Kurush.

Inda ya fi son ya kai labari shi ne matattakalar nan ta Tahte Jamshid, tsohuwar fadar sarakunan Farisa da ke kusa da Shiraz, inda aka sassaƙa jerin mutanen ƙasashe a jikin dutse, kowa da tsarabar da ya kawo wa sarki, wani da tulu, wani da rago, wani yana jan raƙumi.

"Kun gani ko?" yakan ce, yana ɗaga yatsa. "Mu tun fil azal mutanen kyauta ne."

In ina wucewa da tire nakan ce masa, "Baba-jan, ai sarkin naka karɓa yake yi. Ni dai ban ga inda aka sassaƙa shi yana cewa a'a ku bar shi ba."

Sai ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da karatunsa.

Mahaifiyata Turan, wadda muke kira Maman, tana can tsakar gidan ciki, inda baƙi ba sa shiga. Tsufa ya yi ta cin ƙwaƙwalwarta kaɗan-kaɗan. Ta fara da manta inda ta ajiye almakashi, ta zo ta manta sunayen jikokinta, yanzu wata rana ni kaina kallon 'yar aiki take yi mini. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Amma akwai abu guda da mantuwa ta kasa taɓawa, ƙofar gida.

Ƙofar tamu irin ta dā ce, katako mai kauri, da abin bugawa biyu. A dama guduma ta maza, mai babbar murya. A hagu zobe na mata, wanda hannaye suka goge har ya yi siriri, muryarsa ƙarama mai zaƙi. In guduma ta yi ƙara, Maman sai ta ja mayafi ta rufe kai, ta zauna jiran namiji ya je ya buɗe, kamar yadda aka koya mata tun tana amarya. In zobe ne kuwa, ko a kwance take sai ta miƙe, ta laluba silifas, ta bi dogon lungun da ya fita zaure, ta buɗe da hannunta.

Da wannan zoben muke ciyar da ita. Ka kai mata abinci ɗaki, ko da cokali ka bi ta, cewa za ta yi ta ƙoshi. Amma in ta buɗe wa baƙuwa ƙofa, sai uwargidan da ke cikinta ta farka. Ta sa a yi shimfiɗa, a kawo gurasa da cuku da gyadar goro, ta zauna tana nacin a ci. Baƙuwa ta ce ta ƙoshi, ita kuma ta ce, "Haba, ci mana, duba ni ma ci nake yi," ta gutsura ta kai baki. Kowace safiya maƙwabciyarmu Ozra Hanum ce baƙuwar, ƙawarta tun suna amare a wannan lungu. Ozra mace ce mai cin abinci tsakani da Allah, amma saboda Maman ta zama gwanar ƙin tayi. Da yamma kuma ni nake sulalewa in fita, in ja ƙofa, in buga zobe, uwar da ta haife ni ta buɗe mini ta ce lale da baƙuwa.

Atusa ta sauka a wurinmu lokacin da rumman ke fashewa a kan reshe. Doguwa ce, ta kusa arba'in, da jakar goyo da takalmin hawa dutse, ɗankwalinta kullum yana zamewa. A Suwidin aka haife ta. Ubanta ɗan Yazd ne da ya tafi karatu yana saurayi bai sake dawowa ba, bara ya rasu a can. Farisancinta irin na yara ne, a miƙe, babu ado babu kwana. Ta faro daga Tehran, ta bi Kashan da Isfahan, daga mu sai Shiraz ta ga Tahte Jamshid ta koma gida. Da Baba ya ji sunanta sai da ya miƙe tsaye.

"Atusa! Kin san sunan wa kika ci? 'Yar Kurush, matar Daryush, uwar sarki! Farangis, kawo shayi."

Na ce a raina yau wannan baiwar Allah ta shiga uku. Amma ita ba irin sauran ba ce. Ta zauna ta naɗe ƙafa tana sauraro har da tambayoyi, Baba kuwa kamar an ba shi sarauta. Da gari ya waye tun da sassafe suka fita tare neman gidan kakarta, yana gaba da sandarsa, tana biye da wani tsohon hoto a hannu.

Ina dawowa daga kasuwa da kwandon ganye bayan azahar, lokacin Maman na barcin rana, na tarar da su a ƙofar gida. Daga fuskarta na gane. Gidan kakar babu shi, an rushe layin gaba ɗaya tun tuni an yi wurin ajiye motoci. Tana tsaye ta sa yatsa cikin zoben ƙofarmu tana shafa shi.

"Aga Kiyumars," ta ce, "irin wannan ne. Babana ya ce in sanyi ya hana shi barci a can, ƙarar zoben ƙofar mahaifiyarsa yake ji a kunnensa. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba."

Baba ya ɗora hannu a ƙirji ya ɗan rusuna, ya faɗi abin da kowane ɗan mutunci yake faɗi in an yaba kayansa.

"Bai kai darajarki ba, 'yata. Naki ne."

Haka ake cewa. Ka yaba rigar mutum ya ce taka ce, ka yaba gidansa ya ce naka ne, kai kuma ka ce Allah ya bar wa mai shi, a wurinsa ya fi kyau, kowa ya kama gabansa da mutuncinsa. Ta'arof ke nan, ɗan yaye ma a Yazd ya san shi. Na tsaya da kwandona ina jiran ta faɗi nata rabon mu shiga ciki.

"Da gaske?" ta ce.

"Da gaske mana. Ɗauki, kada ki kunyata ni," in ji Baba, don shi ma haka ake cewa.

Sai kawai ta fashe da kuka, ta kama hannunsa ta sumbata, tana godiya da duk Farisancin da ta mallaka. Na ga jini ya bar fuskar Baba. Ya dube ni, na dube shi. Wallahi na ɗauka zai yi dariya ya ce wasa ne. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Farangis, kawo mini awartaki."

Da hannunsa ya miƙar da ƙarfen da aka lanƙwasa ta bayan ƙofa tun zamanin kakan kakansa, ya zare zoben, ya ɓamɓare har farantin da yake duka, ya miƙa mata da hannu biyu.

A kicin na tsare shi.

"Baba-jan, lafiyarka ƙalau kuwa? Sai ka haɗa mata da ƙofar mana, da ginin, mu mu koma kwana a harabar masallaci!"

"Rage murya, baƙuwa za ta ji."

"Ta ji mana! Maman fa? Da me za a buga mata, da goshina?"

"Marainiya ce, Farangis. Ta zo neman ƙofar kakarta ta tarar da motoci. Na ce mata naki ne, ke shaida ce. So kike a ce Kiyumars ya tsufa ya lashe amansa?" Ya kau da kai. "Ƙarfe ne fa. Gobe a sayo wani."

Da yamma babu abin da zan buga, Maman ta kwanta da cikinta haka nan. Na lallashi kaina cewa rashin cin yamma ɗaya ba ya kisa.

Da safe sai ga muryar Ozra Hanum daga waje. "Farangis! Ɓarayi sun shigo unguwa ne?"

Na leƙa na ce, "Ɓarawon yana ciki yana shan shayi."

Ta gwada da tafin hannu, amma katakon nan haɗiye ƙara yake yi, ko zaure bai wuce ba. Da ta gaji sai ta kama gudumar maza ta maka. Na ruga ciki na tarar Maman ta riga ta ja mayafi har hanci, ta juya fuska bango. Ozra ta biyo ni ɗaki da fara'arta, tana ce mata, "Turan-jan, tashi mana, ga ni na zo." Maman ta dube ta sama da ƙasa.

"Wace ce wannan da ta faɗo mana gida? Wa ya buɗe mata?"

Ozra mai bakin da ba ya mutuwa ta juya. Ta fita tana share ido da bakin mayafi.

Kafin rana ta yi zafi na je kasuwar maƙera na sayo sabon zobe, muka kafa. Ozra ta buga. Maman ta ɗaga kai ta kasa kunne, sai ta ce, "Gidan maƙwabta ake bugawa," ta koma ta kwanta. Na koma kasuwa na zaɓo wani da ya fi siriri, na yi ta buga su ɗaya bayan ɗaya a kunnena har maƙerin ya fara yi mini kallon mai taɓin hankali. Shi ma da aka kafa ko motsi ba ta yi ba. Matar da ta manta sunan ɗanta na fari ba ta manta muryar ƙofarta ba.

Duk wannan Atusa ba ta sani ba. Tun safe take fita, yau gidan ibadar Zartushtawa masu girmama wuta, gobe babban masallaci mai dogayen hasumiyoyi, ta dawo da ƙura a takalmi da hotuna cike da waya. In ta tambayi tsohuwar gidan da ba ta taɓa gani ba, sai in ce tana hutawa.

Na ce to, tunda ta'arof ne ya fitar da shi, bari in gwada ko ta'arof zai dawo da shi. Na ɗauki shayi na kai mata ɗaki. Zoben na kan gado, ta shimfiɗa masa wani tsohon gyalen wuya na ulu, na ubanta.

"Kai, Atusa-jan, wannan zobe!" na ce, ina dafa ƙirji. "Ban san yana da kyau haka ba sai da ya bar ƙofa. Wallahi raina ya biya."

Na yi shiru ina jira. Ko 'yar shekara bakwai ce a garin nan ta san abin da za ta ce.

"Ko?" ta ce, tana murmushi. "Na gode, Farangis Hanum. A ƙofar ɗakina zan kafa shi, kullum in riƙa tuna ku."

Na sake yabawa, na ƙara gishiri, na ce idona ya kasa barinsa. Ta ce in ina so in riƙe shi ta ɗauke ni hoto. Haushi ya kama ni har wuya. Na ce a raina, Farangis, buɗe baki ki faɗa mata a miƙe, uwarki ce a kwance. Na buɗe bakin kuwa, ta zuba mini ido da fuskar nan tata ta marainiya, sai na ji kaina ina cewa, "In ƙaro miki shayi?" Ashe duk zagin da nake wa Baba, jininsa ne a jikina.

Ozra ta ce a sace kawai.

"In ta fita kallon kufai, ki shiga ki ɗauke. In ta tambaya ki ce aljanun gidan ne, ai masu yawon nan suna son irin wannan labari."

Ba mu san Baba na bayanmu ba. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Duk wadda ta taɓa jakar baƙuwata, ko ta buɗe mata baki, ba ni ba ita har abada."

"To Aga malamin tarihi," in ji Ozra, "sai ka je ka karanta wa matarka sarakunan ta ƙoshi."

Na ga maganar ta shige shi.

Maman ta koma sai kurɓar ruwa. Leɓɓanta suka bushe, in za ta zaga sai na riƙe ta. Likitan da na kira ya duba ta ya ce in ba ta ci wani abu ba zuwa gobe, sai an kwantar da ita a asibiti an ɗaura mata ruwa. Tsoro ya kama ni sosai. Na san in aka fitar da ita daga gidan nan zuwa wani farin ɗaki mai ƙararrawar lantarki, ɗan abin da ya rage mata na sanin kanta shi ma zai tafi. Goben da likita ya faɗa kuwa ita ce ranar da Atusa za ta wuce Shiraz.

Da safiyar, Baba ya karɓi tire daga hannuna ya ce shi zai kai. Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Ya zauna a gefen katifarta da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya gutsuro gurasa mai ɗumi ya ɗora cuku.

"Turan, ko loma ɗaya."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Na gode, Aga, na ƙoshi."

"Don Allah."

"Allah ya saka da alheri. Maigidan ba ya nan, in ya dawo zan gaya masa ka zo."

"Ni ne fa, Turan."

Ta ƙara matsawa jikin bango, cikin ladabi, kamar yadda mace ke yi wa baƙon namiji. Baba ya daɗe riƙe da lomar. Daga baya ya ajiye ta a tire, ya dafa sanda ya miƙe, ya wuce ni bai dube ni ba.

Atusa ta riga ta fito zaure da jakarta a baya. Mota ba ta shiga lungunmu, direba na can bakin titi yana jira. Na ɗauko tiren sallamar matafiyi, Alƙur'ani da za ta bi ta ƙarƙashinsa da kwanon ruwan da za a watsa a bayanta don ta dawo. Ozra ma ta zo, ta tsaya ta haɗe rai kamar an aiko ta karɓar gawa.

"Aga Kiyumars," in ji Atusa, "gobe zan tsaya a gaban matattakalar taka. Zan aiko maka hoton masu kyautar nan."

Baba ya tsaya a tsakiyar ƙofa ya tare hanya. Wannan mutum tunda nake ban taɓa jin ya roƙi ko gishiri a kan shimfiɗa ba, sai dai ya yaba miyar ya yi shiru har a gane.

"'Yata," ya ce. Ya yi gyaran murya. "Zoben nan. Ki mayar mini da shi."

Ta tsaya tana kallonsa, ba ta gane ba.

"Ba nawa ba ne da zan bayar. Na matata ne. Muryarsa kaɗai take tasar ta, kuma tun ranar da na cire shi ba ta ci abinci ba. Na ce miki naki ne don haka ake cewa. Ina roƙonki."

Ya faɗe shi a miƙe, irin Farisancinta, kansa a sunkuye. Ni da na kwana ina tsine wa taurin kansa, sai na ji tausayinsa ya rufe ni, hawaye ya zubo mini a kan tire.

Fuskar Atusa ta yi ja har kunne. Ta sauke jakar a ƙasa da ƙarfi, ta durƙusa tana watso kaya.

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini? Na tambaye ka fa! Na ce da gaske?"

"Sau ɗaya kika tambaya," in ji Ozra. "A nan ƙi ake yi, a nace, ki sake ƙi, a sake nacewa, har mutum ya gaji ya nuna miki abin da ke ransa."

"Babana bai taɓa koya mini ba."

"Namiji ne, me ya sani? Da kakarki ta riƙe ki, da kin iya."

Atusa ta warware gyalen ulun, ta miƙe, ta miƙa wa Baba zoben da farantinsa da hannu biyu, kamar yadda ya ba ta. Kuma wallahi, ina tsaye ina kallo, hannun mutumin nan ya tafi ƙirji da kansa, bakinsa ya fara, "A'a, 'yata, ai da kin bar..."

Na taka masa ƙafa.

"Baba-jan, yi irin ta sarkinka. Karɓi!"

Ya karɓa.

Na ajiye tire na ɗauko awartaki. Muka zare na kasuwa, Atusa ta riƙe farantin daga waje, Baba na lanƙwasa ƙarfe daga ciki, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Direba ya fara danna oda daga bakin titi, ba wanda ya kula shi. Da aka gama, Ozra ta fita ta gyara mayafi, ta ɗaga hannu za ta buga, sai ta fasa. Ta jawo Atusa ta tsayar da ita a gaban ƙofar.

"Ke za ki buga. Ba ƙarar kika zo ji ba? A hankali, ba kamar mai bin haya ba. Farangis, rufe."

Na rufe su a waje, na koma tsakar gidan ciki na tsaya inda nake hango ɗakin Maman. Baba ya laɓe a bayan labulen kicin.

Zoben ya yi magana, siririyar muryar nan da na tashi da ita. Shiru. Na ji tattabaru a kan rufi, na ji numfashina. Na fara addu'a a zuci, don na ji tsoron ko ƙarfinta ya riga ya ƙare. Aka sake bugawa.

Sai na ji silifas. Maman ta fito tana dafa bango, gashinta a buɗe, fari fat, tana tafiya tana hutawa. Na matsa zan riƙe ta, ta ture hannuna.

"Wane irin gida ne wannan, baƙuwa na tsaye ba mai buɗewa?"

Na bi ta a baya har zaure. Ta yi ta kokawa da sakata, ban taimake ta ba, har ta zare. Haske ya shigo. Atusa na tsaye, ɗankwali ya zame, idanu jawur, Ozra na bayanta. Maman ta ɗaga kai ta dubi wannan doguwar mace da ba ta taɓa gani ba, ta daɗe tana dubanta, sai ta kama hannunta.

"Sai yanzu? Tun yaushe ake jiranki. Shigo, 'yata, shigo, kin sha hanya. Ozra, ke ma kin tsaya kamar baƙuwa."

Atusa ta bi ta. Ta sunkuya ta shigo ta ƙarƙashin dogarin ƙofar, hannunta cikin na Maman. Ni na fita da gudu na sallami direba, na ce Shiraz ba guduwa za ta yi ba, ta jira shekara dubbai, ta ƙara kwana ɗaya.

Kafin in dawo Maman ta zauna a kan shimfiɗa a gindin taga tana ba da umarni. Na kawo gurasa da cuku da gyadar goro, na fasa rumman, na zuba shayi. Ta tura farantin gaban Atusa.

"Bismillah, ci."

Atusa ta miƙa hannu za ta ɗauka. Ozra ta mintsine ta a cinya, ta raɗa mata, "Ce kin ƙoshi."

Ta janye hannun. Ta dubi Ozra, ta dube ni, na gyaɗa mata kai.

"Na gode, Maman. Na ƙoshi."

"Ƙoshi? Daga wannan doguwar tafiya? Haba, ci mana. Duba, ni ma ci nake yi."

Ta gutsuri gurasa, ta dangwali cuku, ta kai baki. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Atusa ta gane, na ga lokacin da ta gane. Ta ɗora hannu a ƙirji kamar wadda aka haifa a lungunmu.

"Wallahi ba zan iya ba, Maman, kada ki wahalar da kanki."

"Ji yarinya da kunya! Gurasar yau ce fa, taɓa ki ji." Ta sake gutsura ta ci, ta kora da shayi.

Atusa ta yi ta ƙi, hawaye na bin kumatunta tana dariya, Maman na ta ci don ta nuna mata yadda ake yi, har gurasa ta kusa ƙarewa. Can Maman ta ɗaga kai ta hangi Baba, wanda ya fito daga bayan labule ya tsaya a bakin taga da awartaki har yanzu a hannunsa.

"Kiyumars, tsayuwar me kake yi? Je ka ƙaro gurasa, muna da baƙuwa."

Baba ya ji sunansa a bakinta. Ya ajiye awartakin a kan taga, ya nufi zaure da sauri, ya manta sandarsa a jingine da bango.